Ƙaramin Babur Da Doguwar Tafiya: A Ɗora Masa Daidai Ƙarfinsa

Duk lokacin da hutu ya gabato, ko aka shiga makon salla, za ka tarar da baburan ɗalibai da na ƙananan ma'aikata sun yi layi a rumfunan masu sayar da kayan gyara, kowa yana shirin kama hanyar garinsu. Wannan ya sa a ɗaura masa ƙaton akwati a kan kariya, wancan yana cinikin gilashin tare iska wanda tsawonsa ya kusa kai ƙirjin mutum a tsaye, wani kuma ya haɗa duka biyun, har da ƙarin fitilu da madubai. In ka tambayi dalili sai a ce maka ai haka matafiyan Turai suke yi, ga hotunansu nan a waya. A ganina yawancin wannan kashe kuɗi asara ce, wani sa'in ma sayen hatsari ne da kuɗin aljihu. Babur mai ƙaramin inji yana iya kai mutum nesa ya komo da shi lafiya, amma bisa sharaɗi guda, wato a zaɓa masa jaka da gilashi gwargwadon ƙarfinsa, a ajiye burin mai shi a gefe.

Ba yau ƙaramin babur ya zama dokin mai ƙaramin albashi ba. Kamfanin Honda na Japan ya fito da samfurin Super Cub a 1958, kuma zuwa 2017 ya ƙera guda miliyan 100. A 1975 ya fito da CG125, wanda aka tsara musamman domin ƙasashen da hanyoyinsu ba su da kyau kuma gyara yake wuya. A wannan shekara ce aka biya ma'aikatan Nijeriya kuɗin Udoji, malaman makaranta da akawuna da yawa suka sayi baburansu na farko. Yau kuwa Bajaj Boxer da Jincheng da ɗan roba-roba ne suka cika tituna, kuma tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, mai tafiya gida ya koma lissafin kowace lita. Saboda haka maganar abin da za a ɗora wa wannan abin hawa ta wuce wasa.

Bari mu fara da sanin abin da muke hawa. Irin waɗannan babura injinsu CC 100 ne zuwa 125, ƙarfinsa bai wuce na doki 8 zuwa 11 ba a ma'aunin injiniyoyi, nauyin babur ɗin kuma yana tsakanin kilo 100 da 120. Manyan baburan da ake gani a hotuna injinsu ya haura CC 1,000, ƙarfinsu ya zarce doki 100, nauyinsu ya fi kilo 200. Kayan kilo 30 a bayan irin wancan babur ba su dame shi ba, amma a bayan namu sun kai rubu'in nauyinsa gaba ɗaya. Wanda ya kwaikwayi shirin babban babur a kan ƙarami ya ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Da ma tun kafin zuwan inji kakanninmu sun gama nazarin wannan ilmi. Fataken da suka riƙa kora jakuna daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni, sun san cewa rashin daidaiton kaya ya fi nauyinsu saurin kayar da dabba. Shi ya sa ake shimfiɗa akumari, a raba kaya biyu, a auna su da hannu, a rataya su dama da hagu, su sauka ƙasa-ƙasa a haƙarƙarin jaki. Har gobe mai kai taki gona da mangala yake aiki, ba ya tula buhu a kan gindin wutsiya. Ƙa'idar babur ke nan babu ragi babu ƙari: kaya su yi ƙasa, su matso tsakiya, dama ta yi daidai da hagu.

To, akwatin da ake kafawa a kan kariya ya saɓa wa biyu daga cikin ukun nan, domin ga shi a sama, ga shi kuma can baya, ya wuce tsakiyar tayar baya. Duk nauyin da ya zauna a wurin yana ɗaga gaban babur, kamar yadda yaro mai ƙiba yake ɗaga ɗan'uwansa in sun zauna a bakin katako biyu. Tayar gaba kuwa ita ce mai juya babur, kuma ita ke ɗaukar mafi yawan aikin birki. Da zarar ta yi sakayau sai kan babur ya fara rawa in an ƙara wuta, ya riƙa zamewa a kan yashi ko tsakuwa, fitila kuma ta ɗaga sama tana kashe wa masu tahowa ido maimakon ta haska rami. Masu ƙera ƙananan akwatunan roba sun san da haka, shi ya sa da yawansu suke rubuta cewa kada a zuba abin da ya wuce kilo 3 ko kusa da haka. Mu kuwa sai mu cika shi da littattafai da kwalaben ruwa, har wata rana kariya ta tsage a kan hanyar burji.

Na san abin da masu akwati za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Akwati yana da makulli, yana tsare kaya daga ruwan sama, mutum yana iya shiga masallaci ko gidan abinci hankalinsa a kwance. Ban musa ba. Ga mai zirga-zirga tsakanin ofis da gida, ƙaramin akwati abin amfani ne, kuma ko a doguwar tafiya babu laifi a bar shi, muddin abin da ke ciki bai wuce rigar ruwa da hula da ɗan abin taɓawa ba. Sai dai makullin irin wannan akwati yaro ne kawai yake hanawa, wanda ya zo da niyya sukudireba ta ishe shi. Kuɗi da waya da takardu a jikin mai su ya kamata su kwana.

Abin da ya fi dacewa da matafiyi shi ne mangalar babur, wato jakunkuna biyu na tamfol ko fata da aka haɗa da ɗamara, ana ratayawa a kan kujerar baya. Ba sai an sayo ta daga waje ba. Duk baduku ko telan da ke ɗinka rumfar mota zai yi ta da kyau in an ba shi awo. Abu biyu ne za a kiyaye. Na farko, jakar da ke ɓangaren salansa ta tsaya sama da ita da tazarar akalla faɗin tafin hannu, domin zafinta yana narka tamfol, yana kuma iya tayar da wuta. Na biyu, a sa mai walda ya yi ɗan ƙarfen da zai tokare kowace jaka, kada ta lanƙwasa ta shiga cikin taya ko sarƙa. Masu nauyi, irin su sufana da ruwa da littattafai, su sauka ƙasan mangala, a raba su daidai. Tufafi da bargo a naɗe su cikin jaka guda mai taushi, a kwantar da ita a kan kujerar baya dab da mai tuƙi, a ɗaure da igiya ko roba mai ƙwari ta fuska biyu, kada a bar wani bakin igiya yana lilo. Babbar leda a cikin kowace jaka ta isa maganin ruwa da ƙura. Kwamfutar hannu a naɗe ta a tsakiyar tufafi. Goya jaka mai nauyi a baya na tsawon sa'o'i kuwa yana gajiyar da kafaɗa, in kuma aka faɗi, abin da ke cikinta ne zai fara gaisawa da ƙashin baya.

Shawarata ga mai tafiya shi kaɗai ita ce kada kayansa duka su haura kilo 15, kuma ya kai su kan sikelin mai awon hatsi ya tabbatar, domin hannu yana yi wa mai shi ƙarya. Ya tuna lita guda ta ruwa kilo guda ce. In da fasinja, to fasinjan shi ne kayan, sauran tsarabar a ba motar haya. Iyakar nauyin da babur zai ɗauka tana rubuce a ɗan littafin da ake sayar da shi da shi, ga wanda bai jefar da nasa ba. Kada a ruɗu da ganin ɗan acaɓa ya ɗauko buhu uku daga kasuwar ƙauye. Tafiyarsa gajera ce, a hankali yake yin ta, kuma bakanike ya san sau nawa yake ganinsa a wata.

Sai maganar gilashi, inda ruɗin ya fi yawa. Duk wanda ya yi kimiyya a sakandare ya san cewa turjiyar iska ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In gudu ya ninka sau biyu, turjiyar tana ninkawa sau huɗu, ƙarfin injin da ake bukata a keta ta kuma sau takwas. A gudun kilomita 70 ko 80 cikin sa'a, mafi yawan ƙarfin ƙaramin inji a faɗa da iska yake ƙarewa. Ɗan gilashi mai lanƙwasa yana karkatar da iskar daga ƙirji ba tare da ya ƙara wa babur faɗi ba. Amma faffaɗan gilashi miƙaƙƙe tamkar faifai ne aka tara wa iska: gudu zai ragu, inji zai yi ta nishi a hawa, mai kuma zai riƙa zurarewa.

Bugu da ƙari, a ƙananan babura gilashin a jikin kan babur ake ɗaure shi, saboda haka duk iskar da ta buge shi hannun mai tuƙi take fizga. Wanda ya taɓa gamuwa da tirela ko tankar mai a kan hanya mai layi ɗaya ya san irin bugun iskar da ke biyo ta, haka kuma guguwar da ke gabatar ruwan farkon damina. Gwargwadon faɗin gilashi, gwargwadon ƙarfin fizgar. In aka haɗa wannan da gaban da akwati ya riga ya ɗage, to an gama haɗa wa mutum tarko.

Tsawo ma abin dubawa ne. Ƙa'idar da matafiya suka yarda da ita ita ce mai tuƙi ya riƙa hangen hanya ta saman gilashi, bakinsa na sama kada ya wuce daidai hanci in an zauna sosai. Dalilin ya fi ƙarfi a ƙasarmu. Abin da muke kira gilashin babur roba ce mai haske, kuma ƙurar hunturu tana kwanta mata cikin ɗan lokaci. Mai gaggawa sai ya goge da busasshen tsumma, ƙurar ta kakkarce ta, bayan mako biyu ta yi dishi-dishi. Ranar da magariba ta riske shi a hanya, fitilar motar da ke tahowa za ta watsu a jikin karcen nan, ya daina ganin komai. A wanke ta da ruwa da sabulu da tattausan ƙyalle, kada fetur ya kusance ta. Wajen saye kuma a sani iri biyu ne: akirilik, wanda ya fi araha da jure karce amma yana tsagewa in ya bugu, da folikabonet, wanda ya fi jure bugu. Mai baƙi ko mai launi a bar wa masu ado.

Ban ce gilashi ba shi da rana ba. Wanda ya bar Zariya da asuba a watan Janairu ya nufi Jos ya san yadda sanyi yake ratsa ƙirji, kuma gajiyar da iska ke jawowa cikin sa'o'i uku ko huɗu tana rage hankalin mai tuƙi. Ɗan gilashin da ya tare ƙirji, bai fi faɗin kafaɗa ba, aka ɗaure shi da ƙarfe mai ƙwari ba tare da ya danne wayar birki ko ta kuloci ba, ya biya kuɗinsa. Abin da ya saura na iska, riga mai kauri da hular kwano mai murfin fuska za su ɗauke shi.

Wannan ya kawo mu kan abin da ya fi ba ni takaici, wato ganin babur ya sha akwati da gilashi, mai shi kuwa daga shi sai hular zanna. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano ranar 1 ga Janairu, 2009, har aka ga wasu 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a ka domin kauce wa kamu. An yi dariya a lokacin, amma kwalta ba ta san wasa ba. In kuɗin hannu kaɗan ne, ga yadda ya kamata a jera su: hular kwano ta gaske tukuna, sa'an nan tayoyi da birki, sa'an nan mangala, gilashi ya zo a ƙarshe in an sami rara.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu kafin a tashi a ɗora kayan duka, a ƙara wa tayar baya iska yadda littafin ya ce, a ɗaga shokozoba in mai matakai ce, a daidaita fitila, a zaga gari na rabin sa'a a ji ko kan babur yana rawa. A tanadi kayan faci da famfo da fulogi guda. A tattare babbar riga ko mayafi, domin taya ba ta tambaya kafin ta ja. A kuma bincika halin da hanya take ciki da dokar jihohin da za a ratsa, tun da wasu sun sha taƙaita zirga-zirgar babura saboda matsalar tsaro, kana a tsara tafiya yadda za a sauka kafin rana ta faɗi.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da ma'aikata, iyayen da ke zaune a ƙofar gida suna duban hanya ba su damu da girman akwatinku ko ƙyallin gilashinku ba, fuskarku suke so su gani. Ku rage kaya, ku sauke su ƙasa, ku raba su daidai, ku tafi sannu. Allah ya kiyaye hanya, ya sada kowa da iyalinsa lafiya, amin.