Mutanen Dakoro, Ku Daina Gudun Gidajen Iyayenku

Duk wanda ya ratsa tsofaffin unguwannin Dakoro ya ga abin da nake nufi. Gidan da aka haifi ƴaƴa aka aurar, yau katangarsa ta zube, rufinsa ya rufta, tsakar gidan ta zama juji. Leda ta cika shi, awaki na kwana a ciki, da damina ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa ya addabi maƙwabta. Masu gidan kuwa suna nan da ransu da lafiyarsu. Wasu suna Maraɗi, wasu suna Yamai, wasu sun koma bayan gari kawai, sun sayi fili a inda jiya ake noman hatsi da wake, sun jera bulon siminti, sun rufe da kwano. Wannan sakaci ne, kuma abin kunya ne ga duk mai hali da ya bar gidan ubansa ya zama kango.

Na san uzurin da ake kawowa: gidan gado ne, magada sun yi yawa, kowa na tsoron ya sa kuɗinsa a abin da ba nasa shi kaɗai ba. To, wa ya hana a raba gadon? Malaman da suka san rabo suna nan, masu unguwa suna nan. Shekara da shekaru ana cewa sai babban yaya ya dawo daga tafiya, har ƙasar ginin ta narke ta bi ruwa.

Amma babbar cutar tana cikin zukatanmu. Mun ɗauka ginin ƙasa shaidar talauci ne. Saurayi zai je neman aure, a tambaya ko gidansa na siminti ne. Ɗan kasuwa ya samu riba, abu na farko da zai yi shi ne ya tsere daga soron da ya rene shi. Sai ya shiga ɗakin bulo da kwano a garin da zafin bazara ke wuce digiri 40, kwanon ya sha rana wuni guda, da dare ɗakin ya koma tanda. Iyali su kwashe tabarmi su fito waje, tsofaffi da jarirai su fi kowa shan wuya. Katangar ƙasa mai kauri tana hana zafin rana shiga da sauri, sai dare ya yi ta sake shi, shi ya sa kakanninmu ke barcin rana a cikin soro ba su san wutar lantarki ba. Mun sayi wahala da kuɗinmu, sannan mun cinye gonakin da ke ciyar da mu.

Ba sai an je Turai za a ga yadda ake raya tsohon gini ba. A Dandaji, cikin jihar Tahoua maƙwabciyarmu, akwai tsohon masallacin ƙasa da ya lalace har ana shirin rushe shi. Mariam Kamara, ƴar Nijar masaniyar tsara gine-gine, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka ba da shawarar a bar shi tsaye. Aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin ƙasa wanda ake matsewa da inji, aka kammala a 2018. Magina na yankin ne suka yi aikin, ƙasar ma ta wurin ce. Ginin da aka yanke wa hukuncin rusau, yau yara da mata ne ke karatu a cikinsa, kuma aikin ya ci kyaututtuka a duniya. Tun kafin wannan, Falke Barmou ya fara gina masallacin Juma'a na Yaama da laka a 1962, masallacin da ya samu kyautar Aga Khan a 1986. Birnin Agadas da hasumiyarsa ta ƙasa ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. Baƙi na tasowa daga nesa su kalli abin da mu muke jin kunyarsa.

Za a ce da ni ai ginin ƙasa ne ke faɗa wa mutane da damina, a tuna mini ambaliyar 2024 wadda ta yi ɓarna sosai a jihar Maraɗi, har tsohon masallacin Damagaram ya rushe. Gaskiya ne, kuma rayukan da aka rasa sun fi ƙarfin a yi wasa da zancen. Sai dai a duba waɗanne gidaje ne suka fi faɗuwa: wanda aka gina a kan hanyar ruwa, wanda ba a yi masa harsashi mai ƙarfi ba, wanda aka daina yi wa yaɓe, wanda indararonsa ya toshe ba wanda ya hau ya duba. Da can, kafin ruwan farko ya sauka, kowane maigida ya gama yaɓen gidansa. Mun watsar da wannan ɗabi'a, muka dawo muna zagin laka. A sa siminti da dutse a gindin gini inda ruwa ke ci, a ɗora ƙasa a sama, wannan kowane magini ya iya.

Ko batun itacen rufi ba hujja ba ne. Tun 1980 aka fara koyar da gini ba katako a Chikal, kusa da Filinge, inda ake rufe ɗaki da tubali zalla, ba azara ba kwano. Ga garin da ke bakin kwarin Tarka, inda kowace itaciya ke tare mana hamada, ba mu da dalilin rashin koyon wannan. Manoman jihar nan su ne suka nuna wa duniya sassabin zamani tun shekarun 1980, suka dawo da miliyoyin itatuwa a gonakinsu. Ƙauye ya yi nasa, gari ne ya gaza.

Hukumar gari ma da nata laifin. Yanka sababbin filaye yana kawo kuɗi nan take, shi ya sa ake rububinsa, kangayen tsakiyar gari kuwa ba mai waiwayarsu. Alhali a ƙasar nan har yanzu akwai yaran da ke karatu a rumfunan zana, kuma ba mu manta gobarar watan Nuwamba 2021 a Maraɗi ba, wadda ta kashe ƴan makaranta fiye da 20 a irin waɗannan azuzuwa. Kango guda da aka gyara zai iya zama aji, ko ɗakin shan magani, ko wurin koyon ɗinki.

Hukumar gari, a ƙidaya kangayen nan unguwa-unguwa, a kira magada, a ba su wa'adi: su gyara, su sayar, ko su ba gari aro. Masu hali, kafin ku sayi sabon fili, ku je ku dubi gidan da aka yanke muku cibi, ku nemo magini, ku dasa bedi a ƙofarsa. Ku fara tun rani bai ƙare ba, don damina mai zuwa za ta kwashe abin da ya rage na katangun.