Razdan Da Danginsa A Cikin Ingilishi

Mutumin da ya ratsa unguwar Mafoni a Maiduguri, da wuya ya tuna cewa a nan ne Turawan Ingila suka kafa barikinsu a shekarar 1902, tun Shehu Abubakar Garbai bai taso daga Kukawa ya kafa Yerwa ba, abin da bai auku ba sai cikin 1907. A nan babban Bature mai mulkin Lardin Barno ya zauna, wanda 'yan'uwansa ke kira Resident, bakin Bahaushe kuwa ya lanƙwasa sunan ya koma Razdan.

To, almajirin Ingilishi da ya ƙura wa kalmar nan ido zai ga abin mamaki. In aka ɗora mata harafi ɗaya tak a goshi, sai ta zama President, watau shugaban ƙasa, muƙamin da Dokta Azikiwe ya fara riƙewa a Nijeriya cikin 1963. Wannan kama ba ta banza ba ce. Kalmomin biyu uwarsu ɗaya, wata kalmar Latin, harshen Rumawan dā, mai ma'anar zama. Resident shi ne wanda ya zauna a wuri bai tashi ba. President shi ne wanda ya zauna a gaban jama'a. Suna da wani ƙane kuma mai taurin kai, dissident, wanda ya ware ya zauna can gefe don bai yarda da abin da hukuma ke yi ba. Har ma session, wadda masu fassarar labarai ke ce wa zaman majalisa, 'yar gidan ce, kuma fassarar ta dace da asalin ƙwarai, ko mai fassara ya sani ko bai sani ba.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar Barno, inda aka daɗe ana karatun Larabci. Duk wanda ya taɓa nahawu ya san hukuma da hukunci da hakimi da hikima baƙaƙe uku ne suka haife su. Dogayen kalmomin Ingilishi ma haka suke, sai dai galibinsu ba na Ingilishi ba ne tun asali. Daga Latin suka fito, da yawa ta hannun Faransanci, bayan da mutanen Normandi suka ci Ingila da yaƙi a 1066, harshensu ya zama na fada da na shari'a. Shi ya sa kalmomin gona da na murhu suke gajeru a Ingilishi, na ofis da na kotu kuwa sai su miƙe kamar rawanin dogari.

Cikin 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta naɗa 'yan siyasa Kwamishinonin Larduna, ikon Razdan ya koma hannunsu. Ashe an fita daga wani gidan kalmomi ne an shiga wani. A tsakiyar Commissioner akwai mission, wadda Hausa ta riga ta karɓa a makarantar mishan da asibitin mishan. Asalinta aikawa ne ko sakin abu ya tafi. Ɗan mishan aiko shi aka yi. Kwamishina an danƙa masa aiki ne. Admission, wadda kowace shekara ke hana iyaye barci, sakar wa yaro hanya ce ya shiga makaranta. Permission izini ne, an sakar wa mutum ya wuce. Transmission aika abu ne ya ƙetare daga nan zuwa can, ko muryar rediyo ko wutar lantarki. Omission kuwa an saki abu ne an tsallake shi. Yaron da ya riƙe wannan tushe guda ya sami kalmomi shida da kuɗin ɗaya, alhali ɗan'uwansa yana can yana haddace su ɗai ɗai kamar mai tsintar gero a rairayi.

Amma fa a nan ne ramin yake. Kama da wane ba ta wane ba ce. Accident da incident sun ƙare da haruffa biyar irin na Resident, ba su kuwa haɗa komai da zama ba. Tushensu faɗuwa ne, watau abin da ya faɗo wa mutum, haɗari ko wani al'amari. Confident ma haka, daga amincewa ta fito. Malamin da ya koya wa yara cewa duk kalmomin da wutsiyarsu ta yi kama ma'anarsu ɗaya ce, ya tura su ɗakin jarrabawa da makami mai harbin mai shi, kuma irin wannan koyarwa ba ta yi ƙaranci ba.

Maganin abin ƙamus ne, amma ba kowane ba. Ƙamus na Bargery na 1934 da na Abraham daga Hausa suke zuwa Ingilishi. Na Neil Skinner na 1965 da na Roxana Newman na 1990 su ne ke ɗauko kalmar Ingilishi su ba da Hausarta. Asalin kalma kuwa sai a manyan ƙamusoshin Ingilishi zalla, irin na Oxford, inda ake rubuta shi da ƙananan haruffa a gindin bayani, daidai wurin da ɗalibi mai gaggawa ya saba tsallakewa.