Sankira a Rigar Sarki

A watan Oktoban 2016, bayan West Ham ta doke Sunderland da ci 1-0, wani saƙo ya fito a shafin Twitter na Victor Anichebe, ɗan wasan Najeriya. Yabon magoya baya ne, amma an manta ba a goge umarnin da ke samansa ba, inda ake cewa a wallafa wani abu makamancin wannan. Asiri ya tonu: ashe godiyar ma aike ce. A Afrilun 2021 kuma, kamfanin da ke kula da shafin Phil Foden ya tsokani Kylian Mbappe da sunan Foden, ba da saninsa ba. Aka goge saƙon, Foden ya raba gari da kamfanin.

Ni ban ce laifi ba ne ɗan wasa ya ɗauki mai taya shi. Sarki ma yana da sankira, amma kowa ya san muryar sankira yake ji. Ɓoyewar ce nake ƙi. Matashi zai ƙarar da datarsa yana amsa wa gwaninsa, alhali ma'aikacin ofis ne ke lallaɓa shi don mabiya su ƙaru, kuɗin talla ya hau. Wannan yaudara ce.

Maganin ba shi da wuya: saƙon da manaja ya rubuta, a sa masa alama. Mu kuma 'yan rediyo, kafin mu ce wa mai sauraro "wane ya ce", mu tabbatar daga bakinsa ta fito.