Dogon layi ba gwaninta ba ne

Akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu tsakanin masu aikin kwamfuta a Yamai, tun daga masu kula da na'urorin ofisoshi har zuwa ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni: a rubuta umarnin Linux layi guda, mai tsawo kamar igiyar guga, a jefa shi a zauren WhatsApp, a ce "kwafa ka liƙa kawai". Wai shi ke nan an nuna ƙwarewa. Ni kuwa sakaci nake kiran wannan, sakacin da wani ne ke biyan kuɗinsa.

Wanda aka turo wa umarnin a waya yake karanta shi. Fuskar waya ta lanƙwasa layin gida biyar ko shida, ba ya gane inda wannan zaɓi ya ƙare, wancan ya fara. Sai ya liƙa da sudo, ya danna, ya ce Allah ya kiyaye. Alhali Bash ba ya tambayar niyyarka, abin da ka rubuta shi yake aikatawa. A 2011, gurbi ɗaya tak da ya kutsa cikin umarnin rm a rubutun girka manhajar Bumblebee ya share wa mutane jakar /usr gaba ɗaya. Wancan layin ma gajere ne. To ina ga mai haruffa ɗari uku?

Maganin kuwa tsoho ne, tun shel ɗin Stephen Bourne na 1979 yake nan. Ka sa alamar \ a ƙarshen layi, ka ci gaba a na ƙasa. A madannan AZERTY da suka cika ofisoshinmu, AltGr da 8 ne kawai. Duba:

tar -czf ajiya.tar.gz \
  --exclude=tmp \
  /home/ofis

Kowane zaɓi da layinsa. Ɗan koyo zai iya sa yatsa a kan layi na biyu ya tambayi maigidansa me yake yi. In aka canza abu ɗaya, git zai nuna wannan layin kaɗai, maimakon ya rina jimlar duka.

Masu kare dogon layi suna cewa alamar \ tarko ce: gurbi ɗaya a bayanta, wanda ido ba ya gani, ya isa ya yanke umarnin, layin ƙasa ya tashi shi kaɗai. Gaskiya ne. Amma don wuƙa tana yanka hannu ba a daina fawa. Ka tabbatar babu komai bayan alamar, ko gurbi ko bayani. Kuma inda layi ya ƙare da | ko &&, ba ka ma buƙatarta, Bash ya san da sauran magana, zai jira layi na gaba.

Wasu kuma sun ce ɓata lokaci ne. Daƙiƙa nawa? Sauri ya kan haifi nawa. Wanda ya rubuta umarnin gobe zai samu aiki a wani wuri, ya bar wa na bayansa rubutun da ba ya karantuwa, a kan na'urar da ke ɗauke da albashin ma'aikata ko sakamakon jarrabawar yara. Ranar da abu ya lalace cikin dare, wannan bawan Allah ne zai zauna yana ƙirga haruffa.

Saboda haka, malamai da manyan ma'aikata, ku daina karɓar dogon layi daga ɗalibanku. Duk umarnin da ya wuce faɗin taga, ku mayar wa mai shi ya karya shi, tun kafin wani ya danna.