Aziz Nesin: wa ya zubar da mutuncin hukuma?

Masu mulkin Turkiyya sun daɗe suna kiran Aziz Nesin ɗan ba'a marar ladabi, mai zubar da mutuncin hukuma. To jama'a, a zo a yi lissafi.

A 1946, shekarar da ƙasar ta yi zaɓen jam'iyyu da yawa, Nesin da Sabahattin Ali suka fito da jaridar ba'a mai suna Markopaşa. An ce dimokuraɗiyya ta zo, amma jaridar ba ta sha iska ba: a rufe ta, su sake mata suna, a sake rufewa, a kai su kaso. A 1948 aka kashe Sabahattin Ali kusa da iyakar Bulgeriya. A Satumban 1955 gungun ƴan ta'adi suka farfasa shagunan Girkawa a Istanbul, hukuma ta ce aikin ƴan kwaminis ne, ta kama Nesin. Bayan juyin mulkin 1960, shari'a ta tono hannun gwamnatin Menderes kanta cikin ɓarnar. Wa ya zubar da mutuncin wa?

Ainihin laifinsa shi ne ya san biro ciki da bai. Ku dubi Yaşar Ne Yaşar Ne Yaşamaz, wanda aka yi wasan kwaikwayonsa kafin ya fito littafi a 1977. Yaro ne mai suna Yashar, uban ya je neman masa takardar shaidar ɗan ƙasa don ya shiga makaranta, sai aka buɗe rajista aka ce ai ya mutu a yaƙin Canakkale tun 1915. Ga shi tsaye yana numfashi, amma takarda ta fi shi gaskiya! In aikin soja ne ko biyan bashin uba, yana raye. In gado ne, ko makaranta, ko ɗaurin aure a hukumance, matacce ne. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa yini gaban teburi yana jiran hatimi ba ya bukatar tafinta. Ma'aikaci kuwa, in ya karanta bai ji kunya ba, sai a yi masa addu'a.

Za a ce: addini fa? Gaskiya ne, Nesin bai ɓoye rashin imaninsa ba, kuma hannunsa cikin buga sassan littafin Salman Rushdie a 1993 ya ɓata wa Musulmi da yawa rai. Mai ƙin sa yana da hujja. Amma ran 2 ga Yulin 1993 ba hujja aka kai otel ɗin Madımak na garin Sivas ba, wuta aka kai. Mutum 35 suka mutu a ciki, mawaƙa da marubuta da ma'aikatan otel biyu, bayan taron ya yi sa'o'i yana kewaye da ginin a gaban idon jami'an tsaro. Nesin ya tsira ta tsanin ƴan kwana-kwana, ya mutu a 1995, ya bar kuɗin littattafansa ga gidan renon yara marasa galihu da ya kafa a Catalca.

Hukumar da ba ta taɓa makara wajen kama shi ba, a 2012 kotunta ta sallami shari'ar wasu da ake nema kan wutar Sivas. Wai lokaci ya ƙure.