Sanarwar Bayan Taro Kan Halin Sabis da Intanet a Ƙananan Hukumomin Isa da Sabon Birni

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Wakilan masu sana'o'in da cinsu da shansu ya rataya a kan waya, wato masu POS, masu sayar da kati da data, masu caji da masu gyaran waya, tare da 'yan kasuwar hatsi da na dabbobi, direbobi, malaman makaranta da ma'aikatan jinya, sun yi zama a garin Isa domin duba halin da sabis da intanet suke ciki a wannan yanki na Gobir. An samu mahalarta daga cikin garin Isa, Bafarawa, Turba, Gebe da Kamarawa, sai kuma Sabon Birni, Gatawa, Tsamaye da Unguwar Lalle. Wasu daga cikin waɗanda aka gayyata ba su samu zuwa ba saboda halin da hanya take ciki, wasu kuma saƙon gayyatar ne bai riske su a kan lokaci ba. An buɗe taro da addu'a ga 'yan'uwanmu da suka rasa rayukansu a hannun 'yan bindiga, da waɗanda ke tsare a daji, da waɗanda suka yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kuɓutar da na hannu.

ABIN DA TARON YA LURA DA SHI

Taron ya fara da batun kuɗi. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ƙarƙashin Dakta Aminu Maida, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashin kira da data da kashi 50 cikin 100, bayan su sun nemi a ba su damar ninkawa. Mahalarta ba su musa cewa tsadar dizal da faɗuwar darajar Naira sun taɓa kamfanonin ba, domin mu ma abin ya taɓa mu. Amma an ce mana a lokacin, ƙarin zai zo ne tare da gyaran aiki. Ƙarin ya iso mu ba tare da ɓata lokaci ba, gyaran kuwa har yau muna zuba ido. Abin da mutumin Gatawa yake biya ya sayi giga ɗaya, shi ne mazaunin Maitama a Abuja yake biya. Na Abuja yana cin moriyar datarsa har ta ƙare. Na Gatawa sau da yawa kwanakinta ne suke ƙarewa tana nan a wayarsa, saboda babu sabis ɗin da zai yi aiki da ita. Taron ya ɗauki wannan a matsayin cin haƙƙi.

Masu POS su ne suka fi daɗewa a kan magana, kuma taron ya ba su lokaci, domin matsalarsu ta kowa ce. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kasuwanninmu suka koma tiransifa. Falke ya sayar da shanu ko buhunan gero, ba ya son ya hau hanyar Shinkafi ko ta Gundumi da tsabar kuɗi a aljihu, kuma kowa ya san dalili. To amma idan sabis ya ɗauke a tsakiyar ciniki, sai a cire kuɗi daga asusun mai saye, alat bai shigo wa mai sayarwa ba. Ga kaya an ɗaure, ga mota tana jira, ga rana tana yi. Mai POS, wanda ba shi ya riƙe kuɗin ba, shi ake riƙe wa wuyan riga. Akwai waɗanda suka yi shekaru suna hulɗar amana, tiransifa ɗaya ta kai su gaban alƙali. Akwai kuma wanda tilas ta sa ya kwana a kasuwa ko ya kama hanya bayan magariba, abin da a yankinmu yana iya zama sanadin rai.

Malamai sun ƙara da cewa jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, kuma rajista da duba sakamako duk ta intanet ne, alhali yaranmu da yawa ba su taɓa samun sabis mai ƙarfin da zai buɗe musu darasi ɗaya ya kai ƙarshe ba. Ma'aikatan jinya sun ambaci mace mai naƙuda da ake neman mota dominta da tsakar dare, alhali babu sabis ɗin kiran direba.

A kan batun gasa tsakanin kamfanoni, taron ya tsaya ya yi nazari sosai. A takarda manyan kamfanonin waya huɗu ne a Najeriya. MTN ke riƙe da fiye da rabin layukan ƙasar, Airtel na da kusan kashi ɗaya bisa uku, sai Glo, sai 9mobile da ya sauya suna zuwa T2 a 2025. Tun 2013 kuma doka ta ba kowa damar ɗauke lambarsa daga wani kamfani zuwa wani idan aikin bai gamsar da shi ba. Wannan dama tana da amfani ga wanda ke da inda zai koma. A ƙauyukanmu da yawa layi ɗaya ne yake kamawa, shi ma sai an nemi tudu ko an hau itace. Wanda yake cikin wannan hali zai koma ina? Kamfanin da ya san ba a da kowa sai shi ba ya jin tsoron rasa abokin ciniki, saboda haka babu abin da zai sa ya yi gaggawar gyara. Shi ya sa za ka ga mutum ɗaya da layi uku a aljihu, yana zuba wa kowanne kuɗi, har da layin Nijar na ko-ta-kwana. Talakan Gobir ya fi ɗan birni kashe kuɗi a kan waya, kuma ya fi shi shan wahalarta.

Masu gyaran waya da waɗanda suka taɓa aiki a ƙarafan sabis sun yi wa taron bayanin yadda abin yake tafiya. Yawancin ƙarafan ba na kamfanonin waya ba ne, haya suke yi daga kamfanonin da ke gina su. A inda babu wutar lantarki, janareta da batir ne suke riƙe da ƙarfe dare da rana, kuma sai mota ta kawo dizal. Idan hanya ta yi zafi direba ya ƙi shigowa, ƙarfe ya mutu. A karkara kuma, inda ba a shimfiɗa wayar fayiba ta ƙarƙashin ƙasa ba, ƙarfe ne yake miƙa wa ƙarfe saƙo ta iska, don haka mutuwar ɗaya tana jan na bayansa. Kamfani yana lissafin abin da zai kashe da abin da zai samu, sai ya ga garin da mutanensa suka watse bai cancanci ɗawainiya ba. Taron ya fahimci lissafin. Amma saboda irin waɗannan wurare ne Dokar Sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF, wanda aikinsa shi ne kai sadarwa inda riba ba za ta kai kamfani ba. Idan Isa da Sabon Birni ba su shiga sahun farko na wannan asusu ba, to wa zai shiga?

Taron ya waiwayi watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe sadarwa a jihar Zamfara, sannan Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sanar da rufe ta a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni da Goronyo. A nan ra'ayi ya rabu, kuma mun ga ya dace mu faɗa. Wasu dattawa sun ce matakin ya rage wa masu kai wa ɓarayi rahoto ƙarfi na ɗan lokaci. Mafi rinjaye sun ce mutanen gari ne suka sha wuya. Ana cikin rufewar aka kai hari kasuwar Goronyo a watan Oktoba, aka kashe mutum fiye da 40. A watan Disamba aka ƙona matafiya cikin mota a hanyar Sabon Birni zuwa Isa. Masu ɗauke da makamai da ke kusa da iyaka suna iya kama sabis ɗin Nijar, mai gona kuwa ba shi da hanyar kiran soja ko faɗakar da maƙwabcin gari. Duk ɗaukin da zai zo sai ya zama ihu bayan hari. Sana'o'i sun durƙushe a waɗannan watanni, wasu ba su sake tashi ba.

An kuma tuna wa taron da Shirin Faɗaɗa Intanet na Ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar lokacin Minista Isa Ali Pantami. Shirin ya yi alkawarin intanet mai sauri zai kai ga kashi 70 cikin 100 na jama'a, da gudun megabit 25 a birane da 10 a karkara, kuma giga ɗaya ba za ta wuce Naira 390 ba. Wa'adin ya cika ba a kai kashi 70 ɗin ba.

MATSAYAR TARO

1. Muna kira ga NCC ta turo ma'aikatanta su auna ƙarfin sabis a Isa da Sabon Birni, mazaɓa bayan mazaɓa, su fitar da sakamakon kowane kamfani daban, a kuma karanta shi da Hausa a gidajen rediyo. Idan aka gwamutsa mu da birnin Sakkwato aka fitar da adadi ɗaya na jiha, ciwonmu yana ɓacewa a cikin lissafi.

2. A 2025 NCC ta umurci kamfanoni su riƙa sanar da jama'a idan an samu babbar katsewar sabis, su kuma rama wa mutane idan ta wuce awa 24, kamar ta hanyar tsawaita kwanakin data. Muna neman a yi aiki da wannan umurni a nan, ba tare da sai mutum ya nema ba, domin kamfani ya fi kowa sanin ranar da ƙarfensa ya mutu da layukan da ke ƙarƙashinsa.

3. Wannan ita ce buƙatar da taron ya fi ba wa muhimmanci. A 2025 hukuma ta amince layukan 9mobile su riƙa hawa ƙarafan MTN, kuma a shekarar ne MTN da Airtel suka ƙulla yarjejeniyar amfani da kayan aikin juna. Ashe abin mai yiwuwa ne. Muna neman a yankunan da rashin tsaro ya hana gina sabbin ƙarafa, a wajabta wa duk ƙarfen da ke raye ya karɓi kowane layi. Ta haka ne mutumin Tsamaye zai iya zaɓar kamfani saboda sauƙin farashi ko kyawun mu'amala, kuma ta haka ne kamfanoni za su fara neman sa.

4. Muna roƙon Ministan Sadarwa, Dakta Bosun Tijani, ya sa gabashin Sakkwato cikin zangon farko na aikin shimfiɗa fayiba mai tsawon kilomita 90,000 da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2024. Asusun USPF kuma ya mayar da ƙarafan yankin masu aiki da sola, a rage dogaro da motar dizal.

5. Muna kira ga Gwamna Ahmad Aliyu ya yafe kuɗin haƙa hanyar fayiba a wannan yanki gaba ɗaya, kamar yadda jihar Kaduna ta yi a 2020. Gwamnoni sun daɗe da amincewa da Naira 145 a kan kowace mita, amma a inda kamfani yake ɗari-ɗari da shigowa, ko wannan ɗin ma shinge ne.

6. Kada a sake rufe sadarwa a kan al'umma gaba ɗaya. Idan tsaro ya tilasta, a taƙaita wuri, a faɗi wa'adi, a bar lambar gaggawa ta 112 tana aiki.

7. Tunda umurnin shugaban ƙasa na 2024 ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, muna roƙon jami'an tsaro su riƙa raka masu kai mai da masu gyara.

8. An tattauna batun intanet na tauraron ɗan'adam irin na Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2023. Wasu na ganin shi ne mafita, wasu na tsoron ya faɗa hannun da bai dace ba. Taron ya tsaya a kan cewa kuɗinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, amma ya dace da asibiti da makaranta da kasuwa, da sanin hukuma da kulawarta. Muna neman majalisun ƙananan hukumomin biyu su fara da manyan asibitoci.

NAMU NAUYIN

Taron bai wanke kansa ba. Batir da wayoyi da man da ake sacewa daga ƙarafan sabis a cikinmu ake sayar da su. An yanke cewa duk ɗan sana'ar da aka samu ya sayi irin waɗannan kaya, ko yana sayar da layin da aka yi wa rajista da sunan wani, ko yana ba da asusunsa a wuce da kuɗin da ya san na ɓarna ne, za a cire shi daga cikinmu a kuma miƙa shi ga hukuma. Muna roƙon iyayenmu sarakuna, hakimai da limamai su taya mu jan kunne.

An kuma umurci kowane mai POS da mai shagon caji ya ajiye littafi, ya riƙa rubuta rana da lokacin da sabis ya ɗauke da lokacin da ya dawo, da layin da abin ya shafa. Ƙorafin baki ana iya musa shi, rubutacce kuwa hujja ne. Wanda aka ci wa kuɗi ya fara kai kuka ga kamfaninsa, ya karɓi lambar shaidar ƙorafi. Idan ba a share masa hawaye ba ya kira NCC a 622, kiran kyauta ne. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ita ma tana karɓar irin wannan ƙara.

Taron ya gode wa masarautun Gobir na Isa da Sabon Birni, da jami'an tsaron da ke sadaukar da rayukansu a yankin, da ma'aikatan da ke shiga wurare masu haɗari domin tada ƙarfen da ya mutu.

An kafa kwamiti da zai miƙa wannan sanarwa hannu da hannu ga hedikwatar NCC a Abuja, gidan gwamnatin Sakkwato, Sanatan Sakkwato ta Gabas da ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Isa da Sabon Birni. Muna kira ga garuruwan da ba su samu halarta ba su aiko da nasu bayanan ta hannun direbobi ko wakilan kasuwa kafin kwamitin ya tashi, domin a tafi da sunan kowane gari a cikin takardar.

Sa hannu:
Shugaban taro
Sakataren taro