Haɗa mota daban, ƙera ta daban: abin da Kakuri ta koya mana

Ƴan uwa matasa, duk lokacin da wani babba ya yanke ƙyalle ya ce an kawo mana masana'anta, sai mu hau tafi. Kafin tafi na gaba, mu duba tarihin Peugeot ta Kaduna, motar da iyayenmu ke kira Fijo, wadda ta yi shekaru tana jigilar mutane tsakanin Tasawa, Maraɗi da Damagaram.

An kafa kamfanin Peugeot na Najeriya a 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka gina masa masana'anta a unguwar Kakuri, ta fara fitar da motoci a 1975. Dubban mutane sun samu aiki. Gwamnati ita ce babbar mai saye, 504 ta zama motar ma'aikaci da ta ɗan kasuwa.

To amma ina ake ƙera kayan? A Faransa. Jiragen sama ke kwaso inji da sauran sassa daga Lyon, su ratsa sararin samaniyar Nijar, su sauke a Kano, manyan motoci su kai Kaduna. Gini na Kakuri ne, gumi na Kakuri ne, sirrin aikin kuwa yana Sochaux, inda Peugeot ke da masana'anta tun 1912. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, da ya kamata ya ciyar da irin waɗannan masana'antu, har yau bai kammalu ba.

Da farashin man fetur ya faɗi, aka karya darajar naira a 1986, kayan da ake sayowa da kuɗin waje suka yi tsada, motar ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai tsofaffin motocin Turai suka cika kasuwa. Gwamnati ta sayar da hannun jarinta a 2006, bashi ya yi wa kamfanin katutu har hukumar AMCON ta karɓe shi a 2012. Volkswagen ta Legas, Steyr ta Bauchi da kamfanin manyan motocin Fiat na Kano duk sun sha irin wannan wahala.

Wani zai ce ai ko haɗawar ma ci gaba ce, mu da ko ita ba mu da. Gaskiya ne, haɗawa mataki ne. Amma matakin da aka shekara talatin a kansa ba a hau na gaba ba, ya zama wurin kwana. Kuma mu da aka raba darajar sefa biyu a dare ɗaya a 1994, ba sai an gaya mana haɗarin dogaro da kayan waje ba.

Ku leƙa garejin Tasawa ko na Mayahi. Yaran da ba su gama firamare ba suna kwance inji su mayar, maƙera suna gyara abin da kamfani ya ce a jefar. Basira akwai ta. Abin da babu shi ne makarantar sana'a mai kayan aiki, wutar lantarki tsayayyiya da jari.

Saboda haka duk wanda ya zo da alkawarin masana'anta, ɗan siyasa ne ko mai kaki, mu yi masa tambaya uku. Wane sashe za a ƙera a nan? Matasa nawa za a koya wa aikin, zuwa wace shekara? In baƙon ya tattara ya tafi, me zai rage mana ban da bango da kwano? In ba amsa a rubuce, to mu riƙe tafinmu.